Kare Sabon Titi Tun Yana Baƙi: Lacca kan Shafen da ke Tsawaita Ran Kwalta

Sabon titin kwalta yana fara tsufa tun kafin motar farko ta taka shi. Abin da ake shimfiɗawa a kan hanya haɗi ne na tsakuwa da yashi da garin dutse, waɗanda suka kai kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinsa, sai kuma baƙin danƙon da ke riƙe su wuri ɗaya, wanda injiniyoyi ke kira bitumin, shi kuma kusan kashi 5 ne. Bitumin shi ne kaurin da ke saura a gindi bayan matata ta cire fetur da kananzir da dizal daga ɗanyen mai. Dutse ba ya canzawa cikin shekara ashirin, amma bitumin yana canzawa kullum, saboda haka ran fuskar titi a kan wannan ɗan ƙaramin kaso ya rataya.

A cikin bitumin akwai sassa biyu manya. Akwai ƙwayoyi masu tauri da ake kira asfaltin, su ke ba shi jiki, akwai kuma maiƙo mai laushi da ake kira maltin, shi ke ba shi danƙo da iya lanƙwasa. A injin haɗa kwalta ana gasa tsakuwa, a kwaɓa ta da bitumin a zafin da ya kai digiri 150 zuwa 160 a ma'aunin salshiyos. A wannan hali bitumin ya baje ya zama siririn shafi a jikin duwatsu masu zafi, iska tana ratsa shi ta ko'ina, sai wani ɓangare na maiƙonsa ya ƙone, wani kuma ya haɗu da iskar oksijin ya koma mai tauri. Ana auna wannan tauri da allura: a ɗora mata nauyin giram 100, a sake ta a kan bitumin na daƙiƙa 5 a zafin digiri 25, a duba zurfin da ta nutsa. Daga nan aka samo lambar 60/70 da ake gani a takardun kwangila a Najeriya, wato allurar tana nutsa milimita 6 zuwa 7. Kafin haɗin ya bar injin, ya riga ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan laushi. Sauran kuwa rana da iska da ruwa ne za su riƙa ci a hankali, kuma idan lambar ta sauko kusa da 20, tsagewa ta kusa. Alamar da kowa ke gani ita ce launi: titin da ya fara baƙi wuluk sai ya koma toka-toka.

Tsofaffin littattafan injiniya, waɗanda aka rubuta a ƙasashe masu sanyi, sun ɗauka cewa tsaga tana farawa daga ƙasan shimfiɗar kwalta, inda nauyin mota ke lanƙwasa ta, sannan ta hauro sama. Binciken da cibiyar TRL ta Ingila ta yi a kan titunan Kenya ya nuna cewa a ƙasashe masu zafi abin yakan zo ta ɗaya gefen. 'Yan milimitocin da ke can sama su ne ke bushewa, su zama ɓawo mai gautsi, alhali bitumin da ke ƙarƙashinsu yana nan da laushinsa. Wannan ya dace da yanayin ƙasar Hausa sarai. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin iska ke kaiwa digiri 40 a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, fuskar baƙin titi tana wuce digiri 60. Da hunturu kuma ta yi zafi da rana ta buɗe, ta yi sanyi da asuba ta tsuke. Ɓawon da ya rasa maiƙonsa ba ya iya bin wannan kai-komo, sai ya tsage, tsaga siririya kamar silin gashi. Damina na zuwa ruwa ya samu ƙofa. Ya sauka ya jiƙa marmarar da ke ɗauke da titin, kowace taya da ta wuce ta matse shi ya fito da laka, ƙasa ta yi kogo, kwalta ta rufta. Ramin da direba ke kauce wa a watan Satumba ya samo asali ne daga bushewar da ta faru shekara uku ko huɗu kafin nan.

Kuɗin da sakaci da titi tun da wuri ke ci sananne ne. A 1988 Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan lalacewar hanyoyi a ƙasashe 85 masu tasowa, inda ya ƙiyasta cewa an yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 cikin shekara ashirin, asarar da gyaran rigakafi na ƙasa da dala biliyan 12 zai iya hanawa. Dalilin tazarar shi ne titi ba ya lalacewa da gudu ɗaya. Yakan daɗe yana raguwa kaɗan-kaɗan har a ɗauka lafiya lau yake, sannan da zarar ruwa ya samu shiga, ya zube cikin damina biyu ko uku. Aiki mai arha yana yiwuwa ne a wancan dogon lokaci na farko, lokacin da babu wanda ke kuka.

Maginan gargajiya sun san wannan hikima. Soron da aka gina da tubali ana shafe shi da makuba, ko da lason da ake haɗawa daga katsin marina, ana kuma sabunta shafen kafin damina, tun bango bai nuna rauni ba. Shafen ba ya ɗaukar nauyin azara, aikinsa shi ne ya karɓi dukan rana da ruwa a madadin bango, ya ƙare, a sake wani. Haka shafen titi yake. Ba ya ƙara wa hanya ƙarfin ɗaukar kaya ko kaɗan. Yana toshe ƙananan ƙofofin da iska da ruwa ke bi, ya zama shi rana ke gasawa.

Akasarin waɗannan shafe-shafe da ruwan kwalta ake yin su, wanda a wurin aiki ake kira imalshan. Ana niƙa bitumin mai zafi cikin ruwa tare da wani sinadari mai aikin sabulu, ya farfashe ya zama ɗigo-ɗigo da ido ba ya gani, yawanci kashi 60 bitumin, kashi 40 ruwa. Amfaninsa shi ne ana fesa shi ba tare da an dafa shi da zafi mai yawa ba. Yana sauka da launin ƙasa-ƙasa, idan ruwan ya rabu ya bushe sai ya koma baƙi, a nan ne ake cewa ya karye. Akwai iri biyu gwargwadon cajin lantarkin da ɗigon ke ɗauke da shi, kuma irin da ake kira katayonik ya fi kama dutsen giranit, wanda shi ne aka fi fasawa a kwarin duwatsun arewacin Najeriya.

Mafi sauƙi a cikinsu shi ne feshin hazo. Ana sirka ruwan kwalta mai jinkirin karyewa da ruwa, yawanci awo ɗaya da ɗaya, a fesa kamar rabin lita a kowace murabba'in mita, ko ƙasa da haka idan titin ya daddale sosai. Babu tsakuwa a kai. Yana tsiyaya cikin ƙananan ramuka, ya ƙara riƙe ƙwayoyin da ke shirin ɓamɓarewa. Ya fi amfani a wuraren da rola ba ta danne da kyau ba, domin idan gurbin iska a cikin kwalta ya wuce kusan kashi 8 cikin 100, ramukan sukan haɗu da juna su zama hanyar ruwa. Wurin da ya fi fama da wannan shi ne ɗinkin tsakiya, inda shimfiɗar hannu ɗaya ta haɗu da ta ɗaya hannun, shi ya sa doguwar tsaga ke yawan fara bayyana a tsakiyar titi. Feshin hazo yana da arha da sauri, amma galibi ba ya wuce shekara uku, kuma yana da haɗari guda: yana sa titi santsi a kwanakin farko. Dole a rufe hanya har ya bushe, a watsa ɗan yashi mai kaifi inda ya taru, a kuma guje masa a manyan hanyoyin da ake gudu sai an gwada a ɗan yanki an ga titin ya shanye shi.

Kusa da shi akwai man farfaɗowa. Shi wannan maiƙon maltin ne zalla da aka sirka da ruwa, ana fesa shi don ya ratsa ɓawon sama ya mayar masa da abin da wuta da rana suka cinye. Wanda ya fi daɗewa a kasuwa shi ne Reclamite, wanda kamfanin Golden Bear na Kalifoniya ya fitar a wajajen 1960 bisa aikin masanin sinadarai Fritz Rostler. Biranen Amurka da dama suna fesa shi a titunan unguwa cikin shekara ta farko ko ta biyu. Sharaɗinsa shi ne ya samu hanyar shiga. Idan fuskar titi ta toshe, sai ya kwanta a sama ya zama maiƙo mai zamar da mota, shi ya sa ake binsa da yashi, a share washegari.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne feshi da tsakuwa, domin shi ne ya fi dacewa da ƙasa mai zafi da dogayen hanyoyi. Ana fesa bitumin, a watsa tsakuwa mai girma ɗaya a kai, a danne. Ana iya yin hawa ɗaya ko biyu, na biyun da tsakuwa ƙarama da ke cike tsakanin manyan, misali milimita 14 a ƙasa da milimita 6 a sama. Yawancin hanyoyin karkara a Ostireliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu da wannan aka rufe su, haka ma dogayen hanyoyi da yawa a Nijar. Fifikonsa a kan sabuwar kwalta shi ne kauri. Bitumin da ke jikin tsakuwar haɗin kwalta siriri ne ƙwarai, na feshi kuwa yana kwanciya da kaurin kusan milimita guda, ga kuma tsakuwa ta yi masa inuwa. Iska ba ta ratsa shi da wuri. Masu binciken TRL sun ga cewa kwaltar da aka rufe ta haka ba da daɗewa da shimfiɗawa ba tana riƙe laushinta shekaru, har suka ba da shawarar a riƙa yin hakan a ƙasashe masu zafi. A jihar Minesota ta Amurka ma an raba hanya ɗaya sassa-sassa, aka rufe kowane sashe a shekara daban, sai aka tarar wanda aka rufe da wuri ya fi sauran tsira daga bushewa.

Aikin yana da sauƙin gani amma yana da wuyar yi daidai. Injiniyan da ya fara sa shi a kan lissafi shi ne Hanson na Niyu Zilan, a 1935. Ya lura cewa tsakuwar da aka watsa tana barin gurbi kusan kashi 50 cikin 100, rola ta rage shi zuwa 30, motoci kuma su ci gaba da juya kowace ƙwaya har ta kwanta a kan faffaɗan gefenta, gurbin ya koma kusan 20. Bitumin ya kamata ya cika kusan kashi 70 na wannan gurbi na ƙarshe, wato ya riƙe kowace tsakuwa har kusan kashi biyu cikin uku na tsayinta, kanta yana waje don taya ta samu abin kamawa. Idan aka rage, tsakuwa ta tashi ta fasa gilashin motoci. Idan aka ƙara, da bazara bitumin ya tsattsafo sama, titi ya yi sheƙi ya riƙa manne wa taya. Inda sabuwar kwalta take da laushi kuma manyan motoci suna da yawa, tsakuwa takan nutse a cikinta, don haka ake jira motoci su daddale titin na wasu watanni, a kuma zaɓi tsakuwa mai ɗan girma.

Babban abokin gabar wannan aiki a ƙasar Hausa shi ne ƙura. Bitumin da ya kama ƙurar da ke jikin dutse bai kama dutsen ba, kamar yadda gam ba ya riƙe takalmin da ba a goge ba. Tarin tsakuwar da ya kwana sati biyu a gefen hanya cikin hazon hunturu sai an wanke shi, ko a shafa masa ɗan bitumin tun a kwari. Fuskar titin ma sai an share ta tas, musamman inda iska ke kwaso rairayi. Motar feshi kuma ita ce zuciyar aikin: kowane bututu sai ya buɗe, a karkata su duka a kusurwa ɗaya, a daidaita tsayin sandar yadda kowane wuri zai samu feshi daga bututu uku. Layukan da ake gani a tsaye a wasu hanyoyi, wani da tsakuwa wani babu, shaidar toshewar bututu ce ko kuskuren tsayi. Ana tabbatar da awo ta hanyar jera farantai a kan hanya, mota ta wuce ta fesa, a auna nauyin abin da kowane faranti ya tara. Motar tsakuwa tana bin motar feshi a guje kafin bitumin ya huce, sannan rola mai tayoyin roba ta biyo, domin mai ƙarfe tana murƙushe dutse. Bayan an buɗe hanya, a riƙe gudu kada ya wuce kilomita 30 a awa a ranar farko, a share tsakuwar da ba ta kama ba. Wannan sharar ba ƙaramin abu ba ce a inda babura suka fi motoci yawa, domin sakakkiyar tsakuwa a kan kwana tana kayar da mai babur. Idan an yi shi bisa ƙa'ida, yakan yi shekara bakwai ko fiye.

A cikin gari, inda jama'a ba sa son ƙarar taya da tashin tsakuwa, ana amfani da kunun kwalta. An fara shi a Jamus a shekarun 1930. Ana dama garin dutse da ruwan kwalta da ruwa da ɗan siminti a cikin mota, a zuba ta wani akwati da take ja a baya, ya baje da kaurin milimita 3 zuwa 10. Yana ba da fuska baƙa mai laushi, amma yana buƙatar awoyi kafin ya bushe. Jamusawa sun inganta shi a ƙarshen shekarun 1960 da ƙarin sinadarin roba, ya zama yana ƙamewa da kansa ba sai rana ta busar da shi ba, har a buɗe hanya cikin kamar awa guda, kuma yana iya cike kwarin da tayoyi ke yi. Wannan sabon iri ya isa Amurka a 1980. A lardin Kef na Afirka ta Kudu kuma, tun shekarun 1950, aka haɗa dabarun biyu: feshi da manyan tsakuwa a ƙasa, kunu a sama ya cike tsakaninsu. Wannan rufin Kef yana da juriya ƙwarai, ya kuma dace da titin da ya ratsa kasuwa ko tasha. Rufin Otta, wanda aka ƙirƙiro a Norwe a shekarun 1960 kuma Botswana ta yi fice da shi, na hanyar burji ne da ake son rufewa da arha, ba na sabuwar kwalta ba.

Akwai wani shafe da ya kamata a yi hattara da shi. Kalmar kwalta kanta ta fito ne daga sunan Turanci na baƙin kaurin da ake samu idan an gasa kwal, abin da aka riƙa shafa wa hanyoyi kafin bitumin na man fetur ya maye gurbinsa. Har yanzu ana sayar da shafen da aka yi da shi don farfajiyar ajiye motoci, saboda fetur ba ya narka shi. Sai dai yana ɗauke da sinadarai masu haddasa ciwon daji, waɗanda ke ɓarɓashewa su shiga ƙura da ruwan kwata. A Amurka, birnin Ostin na jihar Teksas ya haramta shi daga 2006, jihar Washinton ta bi sahu a 2011.

Lokacin yin shafe yana da muhimmanci daidai da irin shafen. Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane, kuma a wannan fage zanen yana cikin shekara ta farko zuwa ta biyu, iyaka ta uku. A cikin shekara kuwa, lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa farkon Disamba, da ƙasa ta bushe amma hazo bai yi ƙarfi ba, ko kuma Fabrairu kafin zafi ya tsananta. Titin da ke riƙe da danshi a ciki ba a rufe shi, domin ruwan da aka kulle zai zama tururi ya raba bitumin da dutse. Ruwan sama da ya sauka kafin ruwan kwalta ya karye kuwa yana wanke shi gaba ɗaya zuwa cikin lambatu. Duk tsagar da ta kai faɗin milimita 3 sai an hure ƙurarta an cika ta da danƙo mai roba kafin a yi shafe, fentin layi kuma a bar shi sai daga baya.

Akwai cututtukan da shafe ba ya warkarwa, kuma sa shi a kansu ɓarnar kuɗi ce. Idan tsaga ta yi gida-gida kamar fatar kada, ko titi ya loɓa a sawun taya, matsalar tana cikin tushe. Gwajin hanya da aka yi a Otawa ta jihar Ilinoi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan aksil ya ninka biyu, ɓarnarsa tana ninkawa kusan sau 16. Dokar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ƙayyade tan 11.5 ga aksil guda, amma tirelar siminti ko ta hatsi da aka yi wa lodi fiye da kima tana iya cinye ran hanya komai kyan rufinta. Haka nan dizal da baƙin mai da ke ɗiga inda tankoki ke kwana a kafaɗar titi suna narkar da bitumin, da na shafen da na ƙasansa, domin asalinsu ɗaya. Ƙona taya a kan titi yana toye fuskarsa a dare guda. Lambatun da shara ta toshe kuma yana jiƙa tushe daga gefe, inda babu shafen da ya kai.

Abin da ya fi hana wannan aiki samun gurbi shi ne yadda ake kallonsa. Mutumin da garinsu ke fama da ramuka, idan ya ga ana fesa wa sabon titi kwalta, zai ga an yi rashin adalci, kuma kukansa abin saurare ne. Amma hukumar da ke bin mafi lalacewa kaɗai tana zuba kuɗinta a aiki mafi tsada, masu kyau kuma suna gangarowa su shiga layi. Najeriya ta kafa hukumar FERMA a 2002 don kula da hanyoyin tarayya, jihohi da dama ma suna da nasu hukumomin, sai dai faci ne ke cinye akasarin ƙarfinsu. Hanya mafi tabbas ita ce a rubuta shafen farko cikin kwangilar ginin titin tun asali, da kuɗinsa da lokacinsa, yadda zai zo daidai da ƙarshen watanni 12 da ɗan kwangila yakan ɗauki alhakin duk wani aibi. A lokacin kayan aikinsa ba su yi nisa ba, kuma binciken da za a yi kafin shafe zai tona duk inda ya yi ha'inci.

Wannan bincike ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Bayan daminar farko, injiniya ya taka titin da ƙafa da sassafe, lokacin da hasken rana ke zuwa a karkace yana fito da siraran tsaga. Ya duba gefen titi ko akwai baƙin yashi da ya taru, alamar fuska ta fara zubar da ƙwayoyinta. Ya zuba ruwa kofi guda a ɗinkin tsakiya da kuma sawun taya: inda ruwan ya tsaya ya gangara, fuska a rufe take, inda ya nutse ya bar danshi, iska ma tana shiga. A kowane 'yan kilomitoci a huda a ciro gunduwar kwalta, a yanke milimita 10 na sama daban, a kai ɗakin gwaji a auna taurin bitumin ɗinsa a kwatanta da na ƙasa. Sakamakon, tare da ranar shimfiɗa da irin bitumin da kwarin da aka samo tsakuwa, a rubuta shi a kundin hanyar, domin da shi za a tsayar da irin shafen da ya dace da kowane sashe da kuma shekarar da za a sake shi.